Kafin Wata Annobar Ta Zo: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki. Allah ya taya ka riƙo.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, na daɗe a bakin aiki har na fara hango ritaya. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a, ba ta hannun ƙungiya ba, domin maganar da ke bakina ba ta cika shiga takardar buƙatun yajin aiki ba. A can albashi ake lissafawa da alawus da ƙarin girma, kuma duk haƙƙinmu ne. Amma akwai ciwon da annobar korona ta bar wa likitoci da ma'aikatan jinya, wanda ba mai miƙewa a taro ya ambata, saboda kunya da tsoron abin da zai biyo baya. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawa daga cikinmu ba su dawo daidai ba tun 2020, kuma in wata annobar ta sake zuwa gobe, da mu ɗin nan za a tare ta, a haka.

Ranka ya daɗe, kai likita ne, kuma lokacin korona kana jagorantar sashen lafiya na Bankin Duniya, don haka alƙaluman duniya ba baƙinka ba ne. Ka san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021 ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne cutar ta kashe. Ka san ta ce fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar. Abin da nake so in ƙara maka shi ne yadda abin ya kasance a ɗakin marasa lafiya, a garin da ya fi ko'ina shiga ruɗani a ƙasar nan.

Mu a Kano tsoro ya riga korona isowa. A watan Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya yi ajalin likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan sun kula da wata mara lafiya da ba a san tana ɗauke da cutar ba. Ba mu gama karɓar gaisuwa ba aka ce ga wata sabuwa ta shigo Legas ranar 27 ga Fabrairu. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko a Kano. Kafin watan ya ƙare, masu haƙar kabari sun fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu, dattawa da malamai da manyan gari suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ɗakin gwajin da muke da shi ya tsaya na wasu kwanaki, aka rufe gari. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadi. Amma mu da muke tsaye a kan marasa lafiyar a watan Afrilu ba mu da wannan bayanin. Mutum zai shigo yana haki, ba gwaji, ba sakamako, ba wanda zai ce maka ga abin da kake taɓawa.

Daga ƙarshen Afrilu kuma ga azumi, ga zafin bazarar Kano. Wanda bai taɓa sa rigar kariya ta leda ba, da takunkumi da tabarau da safar hannu biyu, da ƙishirwar azumi a maƙogwaronsa, ba zai gane ba. Kana cire takalmin roba gumi ne ke zubowa daga ciki. Wannan fa in an sami kayan ke nan. Sau da yawa takunkumin da aka yi don a sa sau ɗaya a yar, shi muke shanyawa mu mayar washegari, wasu kuma da kuɗin aljihunsu suka riƙa saye. Zuwa farkon Yuni hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ce ma'aikatan lafiya 812 ne suka kamu a faɗin ƙasa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da abokan aikin da suka ci abinci kwano ɗaya da shi, suka koma gida suna lissafin kwanaki, suna sauraren numfashin kansu cikin dare.

Fargabar da ta fi cin rai ba ta mutuwar kai ba ce. Ta kai wa na gida ce. Yawancinmu gidan yawa muke zaune, da tsohuwa mai hawan jini, da miji mai ciwon suga, da jariri a goye. Ina ma'aikaciyar jinya za ta killace kanta a gida mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya? Na san wadda ta yi makonni tana kwana a zaure, 'yarta ƙarama tana kuka tana miƙo hannu, ita kuma tana ja da baya. Na san wadda ta yaye ɗanta ba shiri. Na san likitan da mahaifinsa ya rasu a cikin kwanakin nan, har yau bai daina tambayar kansa ko shi ya kawo masa ba, kuma babu gwajin da zai wanke shi ko ya tabbatar masa. A waje kuma, maƙwabta sun daina aiko yara ɗiban ruwa, mai adaidaita in ya ga farin kaya sai ya wuce. A lokaci guda a majalisar unguwa ana cewa babu korona, wai mu da gwamnati muka haɗa baki don a ci kuɗi. Ka wuni kana rufe idon mamaci, ka dawo a ce maka maƙaryaci.

Sai maganar da ban taɓa jin an yi ta a wani taro ba. Akwai daren da tukunyar iskar oksijin ɗaya ce ta rage, masu buƙata kuma sun fi ɗaya. Babu babban likita a kusa, babu rubutacciyar ƙa'ida, babu lokacin shawara. Yarinyar da ba ta daɗe da gama makaranta ba, ko likita mai neman ƙwarewa da bai yi barci ba tun jiya, shi zai zaɓa. Da safe a rubuta rahoto, a miƙa aiki, a wuce. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce, abin da ka yi shi ne iyakar abin da za a iya, laifin ba naka ba ne. Irin wannan nauyin ba ya sauka da barcin kwana biyu. Shekaru sun wuce, akwai waɗanda har yanzu ƙarar na'urar auna iska ke sa gabansu ya faɗi.

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan gajiya cikin kundinta na rarrabe cututtuka, a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa idan matsi ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ba ta alamu uku: ƙarfi ya ƙare ƙaf, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan ƙwazo ya ragu. Ina roƙon ka tsaya a kan ta biyun, domin ita ce jama'a ke gani. Kowa a ƙasar nan yana da labarin nas mai tsawa, ko likitan da bai ɗaga kai ya dubi mara lafiya ba. Ba na kare wulaƙanci, kuma akwai masu mugun hali a cikinmu kamar kowace sana'a. Amma na ga 'yan matan da suka shigo aikin nan da taushin zuciya, masu zama su riƙe hannun tsohuwa har ta yi barci, na kuma ga yadda suka koma bayan annoba: ba fushi, ba tausayi, ba komai, sai kallon agogo. Ba tarbiyya ce ta gudu ba. Zuciya ce ta rufe ƙofa don ta tsira. Kuma mai shan wahalar wannan a ƙarshe shi ne talakan da ke kwance a gado.

Me aka ba mu a lokacin? An kira mu jarumai, an ce mu yi haƙuri, aikin lada ne. Mun yarda aikin lada ne, da ba don haka ba da da yawa ba su fito ba. Addu'a da tawakkali su suka riƙe mu, Musulminmu da Kiristanmu. Sai dai ba daidai ba ne hukuma ta mayar da haƙuri ya zama shi ne tsarinta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa sahabin da ke takura kansa da ibada cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In haka ne a ibada, ina ga aikin gwamnati? Wadda ta kasa barci wata da watanni, tana firgita, tana kuka ba dalili, ba raunin imani ke damunta ba. Rashin lafiya ce, tana da magani, kamar yadda hawan jini yake da shi.

Ba zan daɗe a kan kuɗi ba, ƙungiyoyi sun faɗa sun maimaita. Annoba ta same mu alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne a wata, ga mai taɓa jinin mai Lassa da majinar mai tarin fuka. An yi alawus na musamman na 'yan watanni a 2020, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga na dindindin, likitoci zuwa tsakanin 32,000 da 40,000, sauran ma'aikata tsakanin 15,000 da 34,000, kuma ba kowace jiha ce ta bi sahu ba. Kafin a kai nan sai da likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki a Yunin 2020, suka sake a Satumba, suka sake a Afrilun 2021, sannan suka yi na fiye da wata biyu daga Agustan shekarar. Abin da ya shafi maganata shi ne wannan: mutumin da ke tsoron mutuwa a bakin aiki, kuma bai san ko za a biya iyalinsa komai ba in ya mutu, tsoronsa biyu ne. Jinkirin biya shi kansa yana cikin abin da ke karya zuciya.

Za ka iya tambaya, tunda a asibiti suke aiki, me ya hana su neman magani? Nan ne gizo ke saƙar. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. 'Yan kaɗan ɗin da ke akwai abokan aikinmu ne, tare ake sallah, tare ake shiga taro. In na je ganin ɗaya, sai na yanki kati a wurin wanda ya san ni, fayil ɗina ya bi ta hannun mutum biyar, in karɓi magani a wurin wanda ya san sunan mijina. Kafin la'asar labari ya zaga cewa wance ta taɓu. A garin da in an ce an kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Kware, ko Barnawa, shi ke nan an yi masa tambari har 'ya'yansa, wace budurwa ce za ta yarda, tana tsoron a fasa aurenta? Wane likita ne zai yarda, yana tsoron a ce bai isa ya riƙe wuƙar tiyata ba, ko a tsallake shi a ƙarin girma? Sai kowa ya yi shiru. Wasu su rubuta wa kansu maganin barci. Wasu su wuce nan, su kai ga allurar kashe zafi da ke cikin kabad ɗin da makullinsa ke hannunsu. Ranar da asiri ya tonu, kwamitin ladabtarwa ake kira, ba likita ba.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A birnin New York na Amurka, Dakta Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa a wani asibiti, ta kamu da korona, ta warke, ta koma aiki, sannan ta kashe kanta a watan Afrilun 2020. Iyalinta sun ce babban tsoronta shi ne kada neman taimako ya jawo mata asarar lasisi da mutunci. Amurkawa ba su binne maganar ba. A 2022 suka yi doka da sunanta, wadda ta ware kuɗi don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan asibiti. A Ingila akwai sashe na musamman da ma'aikacin lafiya zai kai kansa a duba shi cikin sirri, ba tare da ya bi ta ofishin shugabansa ba. Mu a nan, sashe na 231 na kundin dokokin hukunta laifuka, wato Penal Code, da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Kisan kai haramun ne, ba mai jayayya. Amma wanda ciwo ya kai shi bakin wannan ramin, aka ci sa'a aka ceto shi, gadon asibiti yake buƙata, kuma tsoron ɗan sanda ba abin da yake ƙarawa sai ɓoyewa.

Wanda ya kasa jurewa kuma ya sami hanya, ya tafi. Kai da bakinka ka ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta ce 42,000 sun fita cikin shekara uku. Ana yawan cewa kuɗin Saudiyya da Ingila ne ya ja su, kuma gaskiya ne. Amma ka tambayi waɗanda suka tafi, abu na farko da suke faɗa a waya shi ne: ina tashi aiki a kan lokaci, ina barci. Duk wanda ya fita kuma, aikinsa kan na baya yake komawa. Dutin dare da mutum huɗu ke yi ya koma na biyu, na biyu ya koma na ɗaya, ga gadaje cike har da na ƙasa a kan tabarma. Kuma annoba ba ta ba mu hutu ba. Kwalara ta 2021 ta kwantar da mutum sama da 100,000 a ƙasar nan. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya sauka, Kano ce cibiyarsa, muka koma kallon yara suna shaƙewa a hannun iyayensu kan cutar da rigakafinta ya daɗe da samuwa. Lassa na dawowa duk rani, sanƙarau na biye. Mutanen da korona ta tatse su ne dai aka sake turawa.

Ranka ya daɗe, na san an yi wasu abubuwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatarka da asusun tallafi. A Agustan 2024 an amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. An ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci da na jinya. Sai dai ɗebo ruwa a zuba a tulun da ke yoyo ba ya cika shi. Yaran da ake yayewa yau, in suka tarar da abin da muka tarar, shekara uku ta yi yawa za su fara neman fasfo.

Abu na farko da nake roƙo shi ne a sa wa sa'o'in aiki iyaka, a rubuce, da hukunci ga shugaban asibitin da ya karya. Masana barci sun daɗe da nuna cewa wanda ya yi sa'a 24 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda ya sha abin maye. Ba za mu yarda direba ya ja motar haya a haka ba, amma muna barin likita ya yi kwana biyu ko uku a bakin aiki ba hutu, ya lissafa maganin jariri, ya buɗe cikin mai naƙuda. Ƙasashen Tarayyar Turai sun tsayar da matsakaicin sa'a 48 a mako, Amurka ta tsayar wa likitoci masu neman ƙwarewa sa'a 80 tun 2003. Ban ce mu kwafi nasu ba, ma'aikatanmu ba su kai ba. Amma a ce ba wanda zai wuce sa'a 24 a jere, kuma bayanta hutu wajibi ne, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Inda ma'aikata suka yi ƙarancin da ba za a iya ba, a bar rahoton ya hau sama a san gaskiya, maimakon a rufe giɓin da lafiyar mutum ɗaya. Kuma a cike gurbin wanda ya tafi nan take, kada a jira shekara ana neman izini.

Na biyu, a buɗe mana hanyar neman magani cikin sirri, wadda ba ta bi ta asibitin da mutum ke aiki ba. Lambar waya da ƙwararru ke ɗauka dare da rana, da Hausa da sauran harsuna, da damar ganin likitan wani gari ta waya, da fayil ɗin da shugaba ba shi da ikon buɗewa. Hukumomin da ke ba mu lasisi su fito su faɗa a rubuce cewa zuwa neman magani ba zai taɓa lasisin kowa ba, muddin bai cutar da mara lafiya ba. Wanda ya faɗa shaye-shaye ya kawo kansa, a fara da yi masa magani. Inshorar lafiyar ma'aikata ta ɗauki kuɗin. Wannan ba gini yake buƙata ba, ba na'ura daga waje ba, kuma asusun da dokar 2023 ta tanada zai iya ɗaukar somin-taɓinsa.

Sannan duk shirin ko-ta-kwana da za a rubuta don annoba ta gaba, yadda ake ƙirga gadaje da tukwanen iska da motocin ɗaukar marasa lafiya, a ƙirga mutane. Wa zai karɓi wa, bayan kwana nawa? Ina ma'aikaci zai kwana in ba ya so ya kai cuta gida? Wa zai yanke hukunci in kaya sun gaza, don kada nauyin ya faɗa kan ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai? Wa zai zauna da ma'aikata bayan mummunan dare ya saurare su? Nawa za a biya, yaushe, kuma me iyali za su samu in mutum ya rasu? A amsa waɗannan tun ana zaman lafiya. Kuma don Allah kada a tsaya kan likita da nas. Masu shara da masu wankin zannuwa, masu tura gado, ma'aikatan ɗakin gwaji, direbobi, masu kula da gawa, da jami'an lafiya na ƙauye da ke asibitin sha-ka-tafi su kaɗai, duk sun sha abin da muka sha. Da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne, ba alawus, ba inshora, ba ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsu.

Na san yawancin asibitocin da talaka ke zuwa na jihohi ne da ƙananan hukumomi, ba ka da ikon ba su umarni kai tsaye. Amma kai ke shugabantar Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda kwamishinonin lafiya na jihohi 36 suke zama tare da kai. Ina roƙon ka kai wannan magana zamanta na gaba a matsayin batu mai zaman kansa, ka fara aiwatarwa a asibitocin tarayya da ke hannunka don jihohi su ga misali, ka kuma sa a yi bincike na ƙasa baki ɗaya, ba tare da rubuta sunan kowa ba, a tambayi ma'aikatan lafiya yadda suke barci, da abin da suke sha don su yi barcin, da ko suna shirin barin aikin. A wallafa sakamakon kowa ya gani.

Allah ya ba ka ikon yi, ya jiƙan abokan aikinmu da suka rasu a bakin aiki.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Kano.